Kallabin Inna a Tsaunukan Nagano

Tun ranar da 'yan kallon Japan suka tsaya bayan an tashi wasa suna tsince shara a filin ƙwallon da ke kusa da unguwarmu ta Al Aziziya, ban sake samun sukuni ba. Duk Bahaushen da ya san na je ƙasarsu sai ya tare ni. Masu gadi, direbobi, har waɗanda ba mu cika gaisawa ba, tambayarsu ɗaya ce: "Mamuda, da gaske haka suke a gida, ko don idon duniya suke yi?" Nakan ce da gaske ne, in yi shiru, shirun kuma ya ƙara musu ƙaiƙayi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin mota da wajen mai shayi, shi ya sa na zauna in faɗe shi daga farko. Haka suke a gida. Tsaftarsu ta taɓa sa ni kuka, da gemuna, a gaban wata tsohuwa da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa.

Amma kafin mu hau jirgi, sai kun san abin da ke cikin aljihuna.

Ni mutumin Maigatari ne, direba a gidan wani dattijo ɗan Qatar da ake kira Abu Nasir, ni kuwa Baba nake ce masa. A shekarar kulle korona ta kama mu tare. Shi ta taɓa masa huhu, ni ta ɗauke mini hanci. Na warke sarai, sai dai na daina jin ƙamshi da wari. Turaren wutar da ake zagayawa da shi a majalisar Baba, gahawa, fetur, gumin rana, duk suka zama iska kawai. Harshena yana gane zaƙi da gishiri da zafin barkono, iyakarsa ke nan. A cikin wannan shekarar Innata ta rasu. Babu jirgi, babu hanya. A waya aka gaya mini an kai ta.

Inna fara take soyawa a bakin tasha, tun ina goye har ƙarfinta ya ƙare. Tana da wani kallabi shuɗi da ya koɗe, wanda ba ta ɗaurawa a ka, a kafaɗa take rataya shi. Da shi take kama kunnen kasko, da shi take goge hannu, da shi take share mana majina. Da hanya ta buɗe, ƙanwata ta naɗe shi ba a wanke ba, ta sa a leda biyu, ta ba Tanimu ya kawo mini. Tanimu ɗan unguwarmu ne, gadi yake yi a kasuwar Souq Waqif, kuma da farar Inna ya girma kamar yadda na girma. Ranar da ya miƙo mini na kwance ledar, na tusa hanci, ban ji komai ba. Sai na mayar masa.

"Tanimu, shinshina mini."

Ya shinshina, ya rufe ido. "Inna ce, wallahi. Kamar tana tsaye a nan."

Daga ranar ya zama hancina. Duk Juma'ar da hutunmu ya haɗu sai in kai masa, in buɗe bakin ledar kaɗan, ya shinshina ya ce, "Yana nan," in yi maza in ƙulle. Na san ƙamshi ba ya zama a tufa har abada. Ko hancina ya dawo in same ta, ko ƙamshin ya riga shi tafiya, ɗayan biyu ne. Na sha magani, na shaƙi citta da kanumfari safe da yamma kamar yadda likita ya ce, shiru kake ji. Ledar kuwa ba ta rabuwa da aljihun cikin rigata.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, Doha ta rikice. Yau a toshe wannan titin, gobe a rataya tutoci a wancan, injuna ba sa hutawa. Baba ya ce a kai shi wani wuri ya numfasa kafin baƙi su cika masa gida. 'Yarsa Maryam a Japan ta yi karatu, tana jin yarensu, ta ce ƙasar ta sake buɗe ƙofa ga baƙi, kuma ta san wani ɗan masauki a cikin duwatsun Nagano inda iska take kamar ruwan randa. Baba ba ya zuwa ko'ina ba ni, don ni na san lokacin maganinsa da yadda ake tallafarsa a matakala. Aka nema mini biza, na sha tambayoyi, Allah ya sa aka ba ni.

Jirgin ya daɗe a sama har na manta yadda ƙasa take. Muka sauka kowa da takunkumi, ana nuna shaidar rigakafi a waya, ma'aikata suna rusuna mana kamar mun zo neman aurensu ne suka amince. Ban taɓa ganin taron mutane mai shiru irin wannan ba. Muna jiran kaya sai ga wani ɗan kare mai dogon kunne, sanye da 'yar riga, wata ma'aikaciya tana riƙe da igiyarsa. Ya wuce akwatunan kowa, ya zo gaban jakata ya zauna. Ashe kilishin da na ɓoye cikin safa ya jiyo. Ba a shiga da nama ƙasar, ko da ya bushe ya zama takalmi. Suka karɓe, suna ba ni haƙuri kamar su suka yi laifin. Ƙullin yajin ƙuli-ƙulina suka juya shi, suka tambayi Maryam, suka mayar mini.

Karen bai gama da ni ba. Ya ɗaga hanci yana bin ƙirjina, daidai aljihun. Ma'aikaciyar ta nemi in fito da abin da ke ciki. Na fito da ledar, na ce, "Anti Maryam, ki roƙe ta kada ta buɗe. Tufa ce kawai." Maryam ta yi mata magana a hankali. Matar ta dubi ledar ta hasken fitila, ta miƙo mini da hannu biyu. Karen ya yi atishawa ya wuce. Ni dai na bi shi da ido ina jin hassada, don a ganina ya ji abin da na fi shekara ina nema.

Daga babban birni muka hau jirgin ƙasa mai dogon baki, wanda yake gudu ba ka jin gudun. Gidaje suka yi ta raguwa, sai gonaki, sai kuma muka faɗa cikin duhu. Rami ne aka huda ta cikin dutse. Muka fito, muka sake shiga wani, muka sake fitowa. Duk fitowa duniya ta canja: nan rana, can ruwan sama, gaba kuma hazo ya kwanta a kan wani ƙauye har rufin gidaje kawai ake gani. Ni ɗan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. A garinmu in mutum ya taho daga nesa, sai ka gama cin tuwo kafin ya iso, kana kallonsa. Doha ma haka take, ban da benaye. A nan kuwa duk inda ka juya an tare maka ido da dutse, bayan dutsen akwai wani, bayansa wani da ya fi shi, har na ƙarshen ya saje da sama ka rasa wanne ne gajimare.

Maryam ta ce, "Ka san Japan tsibirai ce, ko'ina teku. To Nagano ba ta taɓa tekun ta kowane gefe. A tsakiya take, duwatsu sun kewaye ta."

Na ce ashe 'yan'uwanmu ne. Ni ma ban ga teku ba sai da na zo Qatar.

Muka sauya zuwa wani ƙaramin jirgi mai tafiyar tsofaffi, yana tsayawa a tasoshin da ba kowa sai benci da tukunyar fure. A ta ƙarshe wata 'yar tsohuwa take jiranmu da ƙaramar akori-kura fara. Ba ta kai kafaɗata ba, bayanta ya ɗan ranƙwafa, amma ta fizge jakar Baba daga hannuna kafin in ce uffan. Sunanta Fumiko, ita ce mai masaukin. Ni Iya na sa mata, ta kuma amsa. Ni da nake cin abinci da tuƙi, sai da na riƙe kujera da ta fara hawa kwana-kwanar dutsen nan da mu.

Gidan na katako ne, tsoho, a gefen wani kwari mai gonakin shinkafa da aka riga aka girbe. A ƙofa ake cire takalmi, wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. A ƙasa ake kwana, a kan tabarma mai kauri da 'yar katifa, wannan ma na ce gida na zo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne silifas: akwai na tsakar gida, akwai na banɗaki daban, akwai na fita lambu. Kwana na farko na shigo wajen cin abinci da na banɗakin a ƙafata. Iya ta dubi ƙafar, ta dubi rufin ɗaki. Bayan na koma na sauya, na leƙo na gan ta a durƙushe tana goge duk inda na taka.

Matar nan ba ta zama. Da asuba tana goge katakon baranda, da hantsi tana shanya katifu, da yamma tana wanke duwatsun bakin ƙofa. Duwatsu fa. Har 'ya'yan tuffa da ke bishiya sai da na ga ta bi su tana juyawa ɗaya-ɗaya don kowane gefe ya sami rana.

Mutanen kwarin suna da al'adar shan shayi da ganyen da aka jiƙa a gishiri, su yi ta hira, kuma ba a barin kofin baƙo ya sauka. Ka kurɓa, a cika. Mu kuwa a majalisar Qatar, in ka ƙoshi da gahawa sai ka girgiza ɗan kofin, mai zubawa ya gane. Baba ya sha, ya girgiza kofi. Iya ta ga dattijo yana kaɗa mata kofi, ta ce lallai ƙishi ya dame shi, ta cika. Ya shanye don kunya, ya girgiza da ƙarfi. Ta sake cikawa, har da ɗora sabon ruwa a wuta. Maryam tana waje tana waya. Baba ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Ya Mahmud, matar nan za ta nutsar da ni. Khalas, gaya mata ya isa!"

Na ce, "Baba, da wane bakin?"

Kwanakin farko kamar a mafarki na yi su. Rana a can makara take yi, sai ta hau dutse kafin ta leƙo mu, da la'asar kuma ta faɗa bayan wani dutsen ta bar mu cikin inuwa mai shuɗi. Da safe hazo yake tasowa daga rafi, ya haɗiye gidaje, ya bar kawunan tsaunuka suna yawo a sama ba gindi. Ganyayen bishiyoyi sun fara ja da rawaya daga can ƙololuwa, launin yana saukowa kaɗan-kaɗan kowace safiya. Duk mai shiga daji yana rataye da 'yar ƙararrawa a ƙugu, wai don wata baƙar dabba mai tsayawa da ƙafa biyu ta ji tahowarsa ta kauce. Sai ka ji ƙararrawa tana tafe cikin hazo, ta wuce ta gabanka, ba ka ga mai ita ba. Ina tura Baba a kekensa na marasa lafiya ta bakin gonaki, yana jan numfashi yana cewa, "Allah! Ka ji ƙamshin itacen nan?" Sai ya tuna ba na ji, ya dafa mini hannu. Ni kuwa ina kallon komai kamar ta bayan gilashin mota a rufe.

Abincinsu Maryam ta riga ta yi wa Iya bayanin abin da ba ma ci. Akwai wata taliya mai ruwan toka da ake ci da sanyi, akwai kifin rafi, akwai ganye iri-iri, komai a 'yan ƙananan kwanuka kamar na wasan yara. Iya ta ce a zamanin kakanninta gishiri daga bakin teku ake ɗauko shi a bayan shanu, a yi kwanaki ana ratsa duwatsu, kifin teku kuwa kafin ya iso ya zama labari. Na tuna kantun gishirin da raƙuma suke kawowa kasuwarmu daga arewa. Ta ce shi ya sa mutanen dutse suka koyi cin abin da dutse ya ba su. Tana faɗin haka ta ajiye wani ɗan kwano a gabanmu.

Maryam ta leƙa, ta yi sauri za ta janye shi. Baba ya riƙe hannunta.

"Jarad!" in ji shi.

"Fara!" in ji ni.

Fara ce, 'yar ƙarama, baƙa wuluk tana sheƙi. Baba ya ce yana yaro, a shekarun da babu komai a Qatar sai rana da yunwa, in fara ta sauka har murna ake yi, a dafa ta da gishiri a cika buhu. Na ɗauki ɗaya na tauna, sai zaƙi ya cika mini baki. Da sukari suke dafa ta! Da Inna ta ga wannan da ta riƙe haɓa. Amma na ci, na ƙara, Baba ma da abinci ba ya shigarsa ya share kwanon. Iya ta tafa hannu tana dariya har da hawaye. Ta ce jikokinta na birni ko kallon kwanon ba sa yi, ga baƙi daga ƙarshen duniya sun cinye. Da Maryam ta gaya mata sana'ar mahaifiyata ke nan, sai Iya ta ce gobe da sassafe in shirya, za mu kamu.

Mun fita raɓa ba ta bushe ba, lokacin da fiffiken fara yake da nauyi, kamar dai yadda ake yi a wajenmu. Ta ba ni jakar tufa da aka ɗaura wa guntun gora a baki: ka kama, ka jefa ta cikin gorar, ba ta iya fitowa. Tsohuwar nan hannunta kamar na mai tsince tsakuwa a shinkafa, kafin in kama ɗaya ta kama biyar. Zuciya ta ɗebe ni, na ce ɗan mai fara ba zai ji kunya a ƙasar mutane ba. Na hango wata ƙatuwa a kan karan shinkafa, na yi tsalle. Ban san akwai magudanar ruwa a bayan ciyawar ba. Na faɗa ciki har wuya, ruwan dutse mai sanyin da ya ɗauke mini numfashi, ga laka. Jakar farar dai ban sake ta ba.

Iya ta jawo ni, ta tasa ni gaba har gida ina kakkarwa. Suna da ɗakin wanka mai ruwan zafi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, wanda mazan ƙauyen suke shiga tare tsirara, abin da ya sa tun zuwana nake kauce masa. Ranar ba kowa. Na tuɓe a ƙofa, na zuba kayan a kwando, na shiga ruwan har kunne. Sanyi ya fitar da komai daga kaina. Na fito na sami rigarsu ta shan iska an ajiye mini, na sa, zazzaɓi ya ɗan rufe ni, na yi ta barci har wata safiyar.

Na farka na ga kayana a bakin ƙofa, an wanke, an goge, an ninke. A samansu ga wata tufa shuɗiya an ninke ta tsaf, kusurwa ta haɗu da kusurwa. Ban gane ta ba da farko. Shuɗin ya fito, har ga wasu 'yan furanni farare da na manta akwai su. A gefe ga ledoji biyu, su ma an wanke an shanya.

Iya ta leƙo tana murmushi, Maryam a bayanta. Ta yi ta bayani tana nuna tufar. Maryam ta fara fassarawa, muryarta tana raguwa: wai ta duba aljihu kafin ta sa rigar a ruwa, ta ga laka ta shiga ledar, ta ga tabon mai ya kama tufar sosai, da hannu ta wanke, ta sake wankewa, sai da ta jiƙa ta cikin ruwan zafi kafin tabon ya fita.

Na ɗauki kallabin. Ya yi laushi, ya yi haske, ya zama na kowa. Ban san lokacin da kukan ya zo ba. Ranar da aka gaya mini rasuwar Inna ban yi kuka irin wannan ba, don a lokacin ina ganin akwai sauran abin da zan tarar. Maryam ta gaya wa Iya ko mene ne. Murmushin ya bar fuskarta. Ta durƙusa, ta kai goshinta har tabarma, ta tsaya a haka. Tsohuwa sa'ar mahaifiyata, a gabana.

"Iya, tashi don Allah," na ce da Hausa. "Tashi, ba ki yi komai ba. Alheri kika yi."

Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar ba ta rage mini komai ba. Ranar ban ci abinci ba. Na kai Baba yawonsa, na ba shi magani, na dawo na zauna a baranda da kallabin a hannu ina kallon duwatsu suna shiga hazo suna fita. Baba ya sa aka turo shi kusa da ni, ya ce, "Allah ya jiƙanta, ya waladi." Muka zauna har inuwa ta rufe kwarin.

Washegari Iya ta zo da jakar farar da muka kama. Ta bar su sun kwana biyu don cikinsu ya fita, yadda ake yi. Ta tsaya daga nesa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Maryam ta ce, "Ta ce ba za ta iya dawo da abin da ta wanke ba. Ta ce in ba za ka ji nauyi ba, ka nuna mata yadda mahaifiyarka take yi. Ba sukari."

Na so in ce a'a. Kunyar tsufanta ce ta tashe ni.

A bayan gidan akwai tsohon murhun itace da ta ce tun rasuwar mijinta ba a kunna ba. Muka tafasa farar da gishiri, muka baza ta a wani faifan gora a rana, muka zauna muna cire fiffike da ƙafafu. Da la'asar na hura wuta, ta kawo baƙin kaskon ƙarfe, na zuba mai. Na rasa inda zan ajiye kallabin, sai na rataya shi a kafaɗa. Mai ya yi zafi, na juye farar, ta yi wannan ƙarar da na sani tun ban san sunana ba. Na kwance yajin ƙuli-ƙulin da ya tsira daga hannun kare, na barbaɗa. Kaskon ya karkata zai zube, hannuna ya kai kafaɗa da kansa, ya jawo kallabin, ya kama kunnen kaskon. Mai ya fantsama a kai, yaji ya manne, hayaƙi ya turnuƙe mu. Iya ta yi wata 'yar ƙara da ta ga tabon, ta miƙo hannu, sai kuma ta janye shi ta rufe bakinta.

A nan ne ya zo. Siriri ne da farko, ta hancin hagu, har na ɗauka tunani ne. Hayaƙin itace. Sai gyaɗa mai ƙuna. Sai ita farar, wannan ƙaurin da baƙo yake toshe wa hanci, mu kuwa yake kira mu daga makaranta da gudu. Duwatsun suka ja baya. Na ji kwandasta yana kiran Gumel, na ji zafin ƙasar tasha a tafin ƙafata, na ji ana cewa in matsa daga bakin wuta.

"Yalla, ya Mahmud, za ka ƙona mana!" in ji Baba daga kekensa.

Na sauke. Muka ci a tsaye, da hannu. Yajin ya sa Iya tari da hawaye, ta sha ruwa ta sake miƙo hannu. Ƙamshin bai daɗe ba ya ɗauke, amma da safe ya dawo da na gutsuri tuffa, washegari kuma na ji ƙamshin itacen da Baba yake ta faɗa. Kallabin ne kaɗai na kasa kaiwa hanci. Tsoro nake ji kada in ji fara kawai, irin wadda kowa zai iya soyawa, ba Inna ba.

Ranar da za mu tafi, farar ƙanƙara ta sauka a kan tsaunuka mafi tsawo. Iya ta karɓi kallabin da tabonsa da yajinsa, matar da ke wanke duwatsun ƙofar gida, ta naɗe shi yadda yake, ta sa a sabuwar leda mai zif, ta sa wannan a cikin wata, ta miƙo mini da hannu biyu. A tasha ta tsaya tana rusunawa har jirgin ya shiga rami.

Mun dawo mun tarar da Doha ta cika ta batse, kowane titi da yarensa. Na ji warin teku tun daga filin jirgi, ni da na manta yana da wari. Sai da Juma'a ta zagayo na sami Tanimu a Souq Waqif, ya tashi daga aiki, yana tsaye kusa da inda 'yan dako suke jera baronsu, 'yan kallo suna wucewa da ganguna. Ban gaya masa komai ba.

"Mutanen Japan! Ina tsarabata?"

"Tana mota. Shinshina mini tukuna."

Ya karɓi ledar kamar kullum, ya buɗe bakinta, har ya shirya fuskar da yake yi mini. Ya kai hanci. Sai ya tsaya. Ya sake shaƙa, ya nemi bakin wani baro ya zauna.

"Mamuda, me ka yi wa abin nan?"

"Yana nan?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya cika.

"Tun kafin azumin bara babu komai a ledar nan sai warin roba. Na rasa bakin da zan gaya maka, shi ya sa nake cewa yana nan." Ya goge fuska da hannun rigar gadinsa. "Yau ne na ji Inna."

Na karɓi kallabin, na fito da shi gaba ɗaya daga ledar, a tsakiyar kasuwa, na rufe fuskata da shi. Ban tambayi kowa ba. Tana nan.